Azumin da Na Shanya Katin Malam

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar damina. Yau kwana huɗu rana ba ta leƙo unguwarmu Rumuokoro ba. Ina zaune bakin taga da carbi a hannu, ina jin 'yan okada suna cacar baki da masu mota a kan wa zai fara ratsa kwatami, sai warin ɗakin ya buge ni, warin tabarmar da ta sha danshi ta ƙi bushewa. Wanda bai zauna Fatakwal ba ba zai san shi ba. Shi ya ɗauke ni ya mayar da ni wani azumi, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, da watan ya kama a irin wannan ruwa. To, bari in rubuta, tunda Allah ya sa na iya riƙe biro ko da a hankali ne.

Ni 'yar Bichi ce. An kawo ni Fatakwal ina amarya bayan an gama yaƙi, lokacin da mutanenmu suka fara komowa kudu ɗai-ɗai, kowa yana neman inda ya bar rumfarsa. Maigidana, Malam, a nan aka haife shi, fatauci ne ya kawo mahaifinsa tun da daɗewa. Shi gida ya dawo. Ni kuwa ban san kowa ba, ban ji yaren kowa ba, ko kalar miyarsu ban taɓa gani ba. Rumuokoro ta lokacin ba wannan ba ce. Daji ne da itatuwan kwakwa, sai 'yan gidaje, sai manyan motoci da ke wucewa ɗauke da bututun mai har ƙasa tana girgiza. Gidan hayarmu ɗaki shida ne, kuma duk matan gidan mu biyu ne masu jin Hausa, ni da Saratu, Kirista 'yar Kagoro, wadda mijinta yake aiki a jirgin ƙasa. Na haifi biyu a gabanta, Ummi da Sadiya, amma ba ta daina kira na Amarya ba.

Malam akawun sito ne a wani kamfani da ke yi wa masu tonon mai hidima. Shi yake rubuta bututu nawa suka shigo, ƙarfe nawa ya fita. Da yana saurayi ya taɓa shiga jami'a a arewa, ya yi shekara biyu yana karatun lissafi, sai rikici ya tashi, mahaifinsu kuma ya rasu a cikinsa, ya ajiye littafi ya kama neman abin da za a ci. Ba ya maganar. Littattafan dai suna nan a kan kanta, duk Lahadi yana goge musu fumfuna.

Shekarar da nake ba da labari, kamfaninsu ya kawo kwamfuta. Ba irin ta yanzu da jikata take sawa a jaka ba. Malam ya ce ɗaki guda ta cinye, ɗaki mai sanyi, sai da rigar sanyi ake shiga. Ba a yi mata magana sai da kati, wasu katuna masu tsawo da ake hudawa da inji, ta haɗiye su ta fito da amsa. Ya ce aikin da yake yi a sati ta yi shi kafin ya gama alwala. Ranar da ya faɗa mini haka dariya ya yi, amma bai ci tuwonsa ba.

Daga nan ya rubuta wa wani tsohon malaminsa wasiƙa. Amsa ta zo kafin azumi da wata uku. Malamin ya ce an buɗe karatun kwamfuta a jami'ar, digiri ne na shekara uku ga wanda ya riga ya yi biyu, amma an daɗe, hukuma tana so ta ga ko kansa yana ja har yanzu. Suna so maigidana ya haɗa wani aiki a kan kati ya aika kafin Sallah, za su sa wa tasu kwamfutar su gani. In ya yi kyau, ƙofa a buɗe take. Malam yana da shekara talatin da takwas a lokacin. In ya tafi, babu albashi, babu wurin iyali a makaranta. Ni da yara za mu zauna a nan, ɗan cinikina ya riƙe mu.

Bai ce zai tafi ba, bai ce ba zai tafi ba. Sai dai ya roƙi Bayaraben da ke kula da injin, yana tsayawa bayan an tashi aiki yana huda katinsa. Haka aka shiga azumi, mijina yana shan ruwa a ofis.

Azumin damina a Fatakwal daban yake da namu na gida. A Bichi ƙishirwa ce take kashe mutum. A nan babu ƙishirwa, ruwa ne ko'ina, a sama da ƙasa da jikin bango, sai yunwa mai sanyi da take zama a ciki kamar an haɗiyi dutse. Da safe motar kamfani ta ɗauki Malam. Ni kuma in shiga faɗa da itace. A garin da ake tonon mai, kananzir ya yi wuya a shekarar, sai jiƙaƙƙen itace, ka yi ta hurawa idonka yana hawaye, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a gwangwani. Gero ba ya zuwa sosai, in ya zo ya yi tsada, da masara nake dama kunu, in rufe ido in ce wa raina na gero ne. Wanki ya kwana uku a igiya. Ga sauro.

Sana'ata kayan miyar arewa ce, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da barkono. Ranar Laraba nake kaiwa kasuwar Oil Mill, in shimfiɗa buhu a cikin taɓo, matan sojoji da matan mahauta su zo su saya. Sauran kwanakin duk a tsaron kayan nan suke ƙarewa, don danshi ne babban abokin gabata. Da ruwa ya ɗan tsagaita sai ka ga matan gida mun fito a guje, kowa da faifanta. In ya ƙi tsayawa, in baje komai a madafa kusa da murhu, ina juyawa da hannu. Abin ya zame mini jiki. Duk abin da na taɓa na ji laima, kafin in yi tunani na riga na shanya shi.

Lokacin shan ruwa ya fi komai wuya. Ba a ganin rana balle a ce ta faɗi. Sama toka-toka tun safe, in yamma ta yi kuma wutar gas da ake ƙonawa can nesa ta sa gefen sama ya yi ja, ka rasa na rana ne ko na wuta. Masallaci yana da nisa, ƙarar ruwa a kan kwano ba ta bari a ji ladan. Sai in sa agogon Malam a gaba, in ƙara minti biyar don kokwanto. Yara sun riga sun ci nasu, ba sa azumi. In zuba kunu kofi biyu, in sha ɗaya, in rufe ɗaya. A gidanmu na Bichi mu goma sha ne a kan tabarma, ana wawar ƙosai, ana kai kwano maƙwabta ana karɓowa. Nan kuwa har ƙarar haɗiyata nake ji. Wata rana Saratu ta leƙo ta gan ni haka, ta ce, "Amarya, wannan shan ruwa ne ko zaman makoki?" Ta zauna ta ci ƙosai biyu don kawai a ce mu biyu ne.

Ranar goma ga wata Yaya Alhaji ya zo daga Inugu. Shi ne wan Malam, shi ne uba tun da uban ya rasu. A unguwar Obiagu ta can yake da rumfar goro, yana jin Igbo kamar a can aka yanke masa cibi. Suka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da kasuwa da ruwa da gajiya, na kai musu abin buɗa-baki na koma bayan labule.

"Akawu," in ji Yaya, don haka yake kiransa, "matso kusa da fitila. Wannan furfura ce a gemunka ko garin rogo?"

Malam ya yi 'yar dariya.

"Da ita za ka je ka zauna a benci da 'ya'yan cikinka? Su ce Baba miƙo mana alli?"

"Yaya, aikin nan da nake yi ba zai kai shekara biyar ba. Injin nan zai cinye shi."

"To ya cinye mana. Goro dai ba ya ci, ko yana ci? Ka zo Obiagu in ba ka gefen rumfa. Kuɗi yana yawo a ƙasar nan kamar ruwan kwata, kowa yana tara, kai kuma ka ce za ka ajiye albashi ka koma ɗalibi. Iyalinka fa? A hannun wa za ka bar su?"

Na ji cokalin Malam yana zagaya kofi.

"Ni ban hana ka ba," in ji Yaya. "Amma ka riƙe, ban ce ka je ba."

Da zai tafi washegari na durƙusa ina yi masa sallama, ya ce, "Binta, kin ji abin da mijinki yake ƙullawa. Ke me kika gani?"

Na ce, "Duk abin da kuka yanke, Yaya."

Ya ce, "Madalla da 'yar mutunci." Haka aka koya mana amsawa. A raina kuwa ina tare da Yaya ɗari bisa ɗari. Ba na so ya tafi. Wata uku na ɗanɗana rashin sa da yamma kawai, na ji yadda yake, ina ga shekara uku?

Ranar sha takwas Malam ya shigo da wani dogon kwali a ƙarƙashin rigar ruwa, ya ɗora a kan kanta kusa da littattafansa. Ya ce aikin ya ƙare. Saura ya yanke shawara ko zai ba mijin Saratu ya tafi da shi arewa a jirgin Juma'ar ƙarshe kafin Sallah. Bai ce mini kada in taɓa ba. Bai taɓa zaton akwai dalilin da zai sa in taɓa ba.

Kashegari aka yi ruwa da iska, irin wanda yake zuwa a karkace. Wajen hantsi na ji ɗis, ɗis, a inda ba a saba yoyo ba. Na duba, daidai kan kanta. Gindin kwalin ya jiƙe ya yi laushi. Na buɗe, ga katuna cunkus a tsaye, sun fi ɗari uku, kowanne da ƙananan huji kamar ƙwari sun ci wake, gefensu ya fara shan ruwa. Na ƙwala wa Saratu kira.

"Wahalar wata uku ce wannan," na ce mata. "Taimake ni kafin su manne."

Muka kwashe su zuwa madafa. Muka baje a faifai uku da tabarma, na ƙara itace, muna juya su kamar kuɓewa. Waɗanda suka fi jiƙa muka ware gefe guda kusa da wuta, masu dama-dama can baya. Waɗanda suka lanƙwashe na sa musu dutsen guga ta kan ƙyalle. Kafin la'asar sun bushe ƙarau. Na tattara su, na daidaita bakinsu, na samo sabon kwali na jera su tsaf. Ko ɗaya bai ɓata ba. Wallahi har ina jin daɗin kaina, ina cewa yau Malam zai san ya auri mace.

Ranar nan da wuri ya dawo. Na tare shi da labari tun daga ƙofa. Ya ajiye lema, ya buɗe kwalin, ya zaro na farko ya duba, ya zaro na biyu, ya zaro wani daga tsakiya. Sai ya zauna a bakin gado.

"Yadda suke kika ɗebo su, kika mayar yadda suke?"

Na ce, "Yadda suke kamar yaya? Ai duk iri ɗaya ne."

Ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya yi mini bayani a hankali, ba faɗa, da ma ba mai faɗa ba ne. Ya ce kowane kati magana ɗaya ce, injin kuma bi da bi yake karantawa. In na goma ya riga na tara, ko na ƙarshe ya shigo tsakiya, maganar ta zama shirme. Jerin shi ne aikin.

Na ce, "Malam, ka yafe ni. Ban sani ba."

"Ina za ki sani? Gyara kika yi niyya." Ya rufe kwalin ya tura ƙarƙashin gado. "Shi ke nan. Allah bai nufa ba."

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ji daɗi. Kwana uku Malam yana dawowa kafin magariba. Ya sayo kifi banda, ya ɗora Sadiya a cinya, ya hau rufi ya toshe yoyon da kwalta. Muka sha ruwa tare, kofi biyu duka a buɗe. Ya ci abinci kamar wanda aka sauke wa kaya. Saratu ta ja ni gefe a bakin rijiya ta ce, "Kin gani? Allah ya dawo miki da mijinki ta hanyar da ba ki zata ba. Ki kama bakinki ki gode."

Na kama bakina har ranar Lahadi. Da hantsi, lokacin da ya saba goge littattafansa, sai na ga ya sauko da su duka, ya buɗe akwatin ƙarfe, yana jera su a can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa. A cikinsu akwai wani littafin rubutu mai bango shuɗi, ya riƙe shi ya fi sauran daɗewa.

Na ce, "Wannan fa?"

"A nan na fara rubuta aikin da fensir. Kowane layi kati ɗaya."

"To ashe ana iya mayar da su."

Bai kalle ni ba. "Ana iyawa. Amma ki bar shi, Binta. Wataƙila hakan ne alheri." Ya sa littafin a akwati ya rufe.

Na koma madafa na zauna gaban murhu. Nan na gane abin da ke nan. Mutumin da ya yi wata uku yana huda kati ba zai kasa jera su a yini ɗaya ba. Tsoro yake ji, tsoron benci da yara, tsoron Yaya, tsoron barin mu, ga shi kuskurena ya ba shi inda zai fake. Ba zai taɓa goranta mini ba, na san shi. Amma ni zan sani. In injin ya cinye aikinsa, in na gan shi yana ƙirga goro a gefen rumfar wansa yana da shekara hamsin, zan san hannuna ne. In zai fasa, ya fasa da bakinsa. Ba zan ɗauki wannan kayan ba.

Shekara biyu kafin nan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa matan aure a wata makarantar firamare da yamma. Na iya karanta Hausa, ina bi da yatsa. Turanci kam ko kalma. Amma da Malam ya fita ranar Litinin, na ciro littafin da kwalin na duba, sai na ga a saman kowane kati injin ya buga layin rubutu ƙanana, kuma baƙaƙen su ne dai waɗanda aka koya mana. Ba sai na san me suke cewa ba. In ga wannan ya yi kama da wancan, shi ke nan.

Na yi yadda nake tsintar wake. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda haske ya fi, na kasa katunan tsibi-tsibi bisa harafin farko, na danne kowane tsibi da kofi ko murfin kwano saboda iska. Sannan na sa yatsa a layin farko na littafin, na nemo katinsa, na kifa shi a kwali. Na biyu. Na uku. Wasu layukan sun yi kama ƙwarai, sai lamba ɗaya ta raba su a can ƙarshe, sai na bi harafi-harafi ina faɗa a fili kamar a aji. Daga an gama aikin safe nake zama, in tashi in yi azahar, in koma, sai la'asar in tattara in ɓoye in ɗora tukunya. Hasken damina ba shi da ƙarfi, rubutun ƙanana, ga yunwa. Wajen ƙarfe uku baƙaƙen sukan fara rawa, in rufe ido in jira su tsaya. Ranar farko arba'in kawai na samu, na kuma gano na tsallake layi, na warware goma sha biyu.

Saratu ta same ni a haka rana ta biyu. Ta riƙe ƙugu.

"Amarya, me nake gani? Da hannunki kike haɗa wa mijinki kayan tafiya?"

Na ce, "Abin da na ɓata nake gyarawa."

"Shekara uku fa, ba sati uku ba. Wa zai hau miki rufi? In yarinya ta yi zazzaɓi wa zai nemo mota? Ke da ko wata uku ba ki iya ba, kina shan kunu kamar mai takaba?"

"Kina nan ai."

"Ni? Ni mijinki ce?" Ta yi tsaki. "Ba ruwana. Ba zan sa hannu a wannan haukan ba." Ta juya za ta tafi, Sadiya ta rarrafo za ta damƙi wani tsibi, sai ta sunkuya ta sure ta. "Zo nan, ke. Uwarki ta zama farfesa, ba ta da lokacinki." Ta saɓa ta a kafaɗa ta fita. Haka ta riƙa zuwa tana ɗaukar yaran kullum, tana zagina tana tafiya da su.

Ranar Laraba ban je Oil Mill ba, karo na farko tun da na fara ciniki. Ranar Alhamis bayan azahar na kifa katin ƙarshe. Ba wanda ya yi saura a tabarma, ba layin da ya rasa kati. Na zauna ina kallon kwalin. Ruwa yana zuba. Na yi tunanin in mayar da shi ƙarƙashin gado, ba wanda ya sani sai Saratu, gobe jirgi ya tashi, magana ta mutu. Na daɗe a kan wannan tunanin, ba zan ɓoye ba.

Da muka sha ruwa ya yi magariba, na kawo masa tuwo, na koma na ɗauko kwalin da littafin na ajiye kusa da kwanon. Na zauna nesa kaɗan.

Ya dube su, ya dube ni. Ya wanke hannu ya goge sosai. Ya buɗe littafin a cinya, ya fara bin katunan da yatsa, yana duba nan yana duba can. Tuwo ya huce. Can ya zaro guda biyu ya sauya musu wuri. Ya ci gaba. Ya sake zaro ɗaya ya mayar da shi baya kaɗan. Haka har ya kai ƙarshe.

"Kwana nawa?" ya ce.

"Huɗu."

"Kasuwa fa?"

"Ban je ba."

Ya shafa gemunsa. "Kina so in tafi ke nan."

Na ce, "A'a. Ba na so. Amma ba ni zan hana ka ba, kuma ba ruwan sama ne zai hana ka ba. Ga shi nan yadda ka kawo shi. In ka fasa, kai ka fasa."

Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba.

"Za ki iya, ke kaɗai da yara?"

"Ban sani ba, Malam."

"Ni ma ban sani ba ko zan iya." Sannan ya ce, "Akwai leda a gidan nan? Babba, wadda ba ta huje ba."

Na kawo masa wadda nake rufe daddawa. Ya naɗe kwalin sau biyu, ya ɗaure da igiya, ya sa takalmi ya ratsa tsakar gida cikin ruwa ya ƙwanƙwasa ƙofar su Saratu.

Amsa ta zo bayan Sallah da sati biyar, sun karɓe shi. Yaya Alhaji ya yi wata shida ba ya amsa gaisuwarsa, amma duk ƙarshen wata sai ga buhun masara daga Obiagu, ba saƙo ba wasiƙa. Shekara uku aka ce, huɗu ya yi, don akwai jarrabawar da ta kayar da shi ya maimaita. Ya dawo ya yi aiki a ɗakin sanyin nan har ya yi ritaya. Yau shekara shida da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Mutane sukan ce na yi jarumta. Ba su ga ranakun da na zauna a madafa ina kallon hannuwana ina jin haushinsu ba.

Ranar da zai tafi muka raka shi tashar jirgi, ni da yara da Saratu. Mutane cunkus, ga kaya, ga taɓo. Ba a yin wata sallama a gaban jama'a, ya dafa kan yara, ya yi wa Saratu godiya. Da jirgi ya yi kuka sai ya zaro wani ƙunshi daga aljihu ya miƙo mini. Ambulan ne guda goma sha biyu, kowanne ya rubuta adireshinsa ya manna kan sarki.

"Ba sai kin nemi mai rubuta miki ba," ya ce. "Da hannunki nake so."

Muka dawo gida da azahar. Saratu ta ja yaran ɗakinta. Na shiga namu, ga ƙusar da yake rataye hula, ga kanta ba littafi ko ɗaya. Na yago takarda daga littafin ajinmu, na zauna bakin ƙofa, na fere fensir. Jirgin ko Aba bai kai ba.

Na rubuta, "Malam, bayan gaisuwa. Mun iso gida lafiya. Ana ruwa. Yara suna wajen Saratu."

Na riƙe fensir har aka yi la'asar. Sauran abin da ke raina ba a koya mana yadda ake rubuta shi a aji ba. Na sa sunana a ƙasa, na lashi bakin ambulan na manne. Saura goma sha ɗaya.